Tambayi likita: hoton MRI ga mai ciwon gazawar zuciya

Salam likita, mahaifina ƙafafunsa na kumbura, numfashi na yi masa wuya in ya kwanta. An yi eko an ce zuciyar 30 take, yanzu kuma wai sai MRI. Ba maimaici ba ne wannan?

Wa alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Wannan 30 ɗin nufinta kashi 30 cikin 100 na jinin da ke ɗakinta na hagu zuciya ke iya turawa a bugu ɗaya, mai lafiya kuwa daga 50 zuwa sama yake. Toh eko, wato hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, ya gaya mana zuciya ta gaji, amma bai cika gaya mana me ya gajiyar da ita ba, nan ne MRI, hoton da ake ɗauka da injin maganaɗisu, ke da amfani. Za a yi masa allurar wani ruwa, gadoliniyam, a jira kaman minti 10 zuwa 15, duk inda naman zuciya ya mutu ya zama tabo sai ya riƙe ruwan ya fito fari tas a hoto, lafiyayyen kuma baƙi, kuma wurin da farin ya zauna shi muke karantawa, in ta cikin bangon ya fara yana bin yankin jijiya guda to toshewar jijiyar jinin zuciya ce, in a tsakiyar bangon ne ko ta waje sai mu karkata ga kumburin naman zuciya ko ciwon gado. In tabon ya ci fiye da rabin kaurin bangon da wuya wurin ya farfaɗo ko an buɗe jijiyar, kin ga ke nan hoton zai iya hana a yi wa dattijo aikin da ba zai amfane shi ba. Amma fa kada ya ajiye magungunansa yana jiran hoto, na sha ganin haka kuma ba ya ƙarewa da kyau.

Likita ina da batirin zuciya a ƙirji, an ce injin zai fisge shi.

Malam ba fisga ba ce matsalar, maganaɗisun kan iya rikita saitin batirin ko ya ɗumama wayarsa. Yawancin na zamani an ƙera su yadda za su shiga injin, sai dai a sauya musu saiti kafin a shiga, a mayar bayan an fito. Ka tafi da katin batirinka. Hoton kan ɗau minti 45 zuwa awa guda, akwai ƙara sosai za a toshe maka kunne, kuma za ka riƙa riƙe numfashi na daƙiƙa 10 zuwa 15. Ba irin hasken eksire a ciki ko kaɗan.

Ina shayarwa, bayan haihuwa zuciyata ta yi rauni. Allurar za ta taɓa jariri?

A'a Hajiya, abin da ke shiga nono kaɗan ne ƙwarai, ki ci gaba da shayarwa. Mai ciki ce muke guje wa yi mata allurar, sai mai ciwon ƙoda mai tsanani wanda gwajin tacewar ƙodarsa ya gaza 30, shi sai an zauna an auna.

Ranka ya daɗe, ni ƙaramin likita ne a sashen zuciya, ina son koyon wannan fanni, ta ina zan fara?

Madalla ɗan uwa. Ƙungiyar masana fannin, SCMR, ta raba horon mataki 3: na farko wata 1 da hotuna 50, na biyu wata 3 da hotuna 150, shi ne ke ba ka damar karantawa kai kaɗai, na uku shekara guda da hotuna 300 ga mai son jagorantar sashe. Ni dai shawarata kar ka maƙale a gaban kwamfuta kawai, ka zauna kusa da mai sarrafa injin ka ga yadda ake yanka hoton, don mai gazawar zuciya sau da yawa ba ya iya kwanciya a miƙe balle riƙe numfashi, ga bugun ba ya kan ƙa'ida, hoton sai ya fito dishi-dishi, wanda bai san haka ba sai ya ɗauki inuwa ya rubuta tabo. Ka kuma koyi awon sinadarin ƙarfe da ke taruwa a zuciya da wuri, na masu yawan ƙarin jini irin masu sikila, da milisakan ake ba da sakamakon awon, ƙasa da 20 alamar ƙarfe ya taru ne, ƙasa da 10 kuwa a kira likitan jini ranar.