Tambaya da Amsa: Nginx ɗina sai zagaye yake, ya ƙi barin kowa ya shiga

Tambaya: Salam Malam, ni ke kula da kwamfutocin wata makaranta a nan Jos, muna da manhajoji uku a saba (babbar kwamfutar da ke ɗauke da su) ɗaya, ta sakamakon jarabawa da ta kuɗin makaranta da Grafana mai nuna bayanai a zane, kowace da nata fasuwod, malamai sun gaji wallahi. Na ɗora Keycloak, manhajar da ke ba da damar shiga duka da fasuwod ɗaya, don Nginx, wanda ke tsaye a gaban manhajojin, ya riƙa tura kowa can ya shiga tukuna, amma burauza sai zagaye take ta yi. Ina matsalar take? Daga mai karatu, Unguwar Rogo.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, ka ɗauko hanya mai kyau. Shi auth_request na Nginx kamar maigadi ne da ke leƙa ofis ya ce "in bar wannan ya wuce?", amsar da yake ganewa kawai lamba ce, 2xx ya buɗe, 401 ko 403 ya hana, in aka ba shi wata daban irin 302, mai cewa a koma wani shafi, sai ya jefo maka 500, wato lambar kuskure. To shi ya sa ba a haɗa shi da Keycloak kai tsaye, sai ka sa oauth2-proxy a tsakiya, wato ƙaramar manhajar da ke magana da Keycloak ta ba Nginx amsar da yake ganewa, yana saurare a ƙofa (port) 4180, auth_request ya nufi /oauth2/auth, sannan error_page 401 ya kai mutum shafin shiga, /oauth2/sign_in.

Zagayen nan kuwa, fara duba ko ka kulle /oauth2/ ɗin shi ma a bayan auth_request, don in haka ne mutum zai je shiga a ce masa sai ya shiga tukuna, ba ƙarshe ke nan. In ba shi ba ne to kuki ne, wato ɗan bayanin da burauza ke ajiyewa don a tuna mutum ya riga ya shiga, ko dai babu HTTPS kuma kukin Secure ne burauza ta ƙi ajiye shi, ko cookie-domain bai haɗe adireshin manhajojin ukun ba. Ka sa Nginx ya tura X-Forwarded-Proto ma, shi ke faɗa wa oauth2-proxy ko ta HTTPS aka zo.

Amma abin da ya fi damuna ban ga ka tambaya ba. Bayan an tantance mutum, sunansa a heda, wato ɗan rubutun da ke raka kowace buƙata, ake miƙa wa manhajar, ita kuma ta yarda ba musu, saboda haka in port 3000 na Grafana a buɗe yake a wayifayin makaranta, ɗalibi mai wayo zai tsallake Nginx ya rubuta hedar da hannunsa ya zama admin, kuma sakamakon yara da kuɗin iyaye ake magana fa. Don Allah ka ɗaure manhajojin duka a 127.0.0.1, adireshin da daga cikin sabar kawai ake iya kai masa, Nginx ya riƙa goge hedar da ta zo daga waje ya sa tasa, sannan ka gwada daga wayarka ka tabbatar 3000 ɗin ba ya amsawa kafin ka raba wa malamai adireshin.