Tambayi Likita: Wata Guda Ba Giya, Da Wanda Bai Kamata Ya Yanke Dare Ɗaya Ba

Tun da shekara ta kama, saƙonnin da ke shigowa wannan fili suka karkata ga batu ɗaya, wato daina shan barasa. Wasu a coci suka ɗauki alkawari daren shiga sabuwar shekara, wasu a Facebook suka gani, wasu kuma a ɓoye suke sha, ɓoyon ya ishe su. Hukuncin addini kowa ya san shi, kuma malamai da fastoci sun fi ni iya faɗarsa. Nawa aikin shi ne abin da ke faruwa a jiki. Ban sa sunan kowa ba.

Likita, a Manchester nake aiki, can Ingila. Abokan aikina ba su da zance sai Dry January, wato kamfen ɗin ƙaurace wa giya duk watan Janairu. Ni ba na sha, amma da gaske wata guda kawai yana canja wani abu a jiki?

Yana canjawa, ga wanda giya ba ta riga ta kama shi ba. Wata ƙungiya ta Birtaniya, wadda yanzu ake kira Alcohol Change UK, ita ta fara kamfen ɗin a 2013 da mutum wajen 4,000, yau kuwa miliyoyi ke yi. Faransa ta bi sahu a 2020. Finland ma ta taɓa yin irinsa tun 1942, lokacin yaƙi.

A 2018 likitocin asibitin Royal Free da ke Landan sun wallafa binciken da suka yi kan mutum 94 da suka ƙaurace wa giya wata guda. Hawan jininsu ya sauka, nauyinsu ya ragu kaɗan, jikinsu kuma ya fi sarrafa suga. Masu bincike a Jami'ar Sussex sun gano cewa da yawa cikin masu yin wannan hutu, ko bayan wata shida, shansu bai koma yadda yake a da ba. Sai dai ki lura, waɗannan mutane ne masu iya ajiye kofi in sun ga dama. Su kansu masu kamfen ɗin suna gargaɗin cewa wanda jikinsa ya dogara da giya kada ya yanke dare ɗaya. Dalilin yana cikin tambaya ta uku.

Ranka ya daɗe, na daina giyar kwalba, amma burukutu ai dawa ce kawai. Zan iya ci gaba da ita? Daga Jos.

Dawa ce kafin ta tsimu, ɗan'uwa. Da ta tsimu ta zama barasa, ƙarfinta yana iya kai na ta kwalba, kuma da ƙwarya ake sha, ba mai ƙirgawa. Ba ka daina ba tukuna.

Dakta, don Allah ka taimake ni. Maigidana ya shekara fiye da goma yana shan ogogoro kullum, har da safe. Ran ɗaya ga wata ya rantse ya daina. Washegari hannunsa ya fara rawa, yana zufa cikin sanyin nan. Daren jiya bai runtsa ba, yana ihu wai ga macizai a bango, bai ma gane ɗansa ba. 'Yan'uwansa sun ce aljanun da ke sa shi shan ne suka ƙi fita, sun kawo mai ruƙiyya, wasu sun ce a kai shi gidan mari. Daga Kaduna.

Baiwar Allah, na amsa miki tun ranar da saƙonki ya shigo cewa a kai shi asibiti a lokacin, ba sai gari ya waye ba. Na sake kawo shi nan ne domin gidaje da yawa suna cikin irin halinki, kuma wannan kuskure yana cin rai.

Abin da ke damun maigidanki ciwo ne sananne, ana koyar da shi a kowace makarantar likitanci. Barasa tana danne ƙwaƙwalwa. Idan mutum ya shekara da shekaru yana sha kullum, sai ƙwaƙwalwar ta ƙara wa kanta wuta don ta iya aiki duk da dannewar. Kamar direba ne da ya taka birki da totur a lokaci guda, ya daɗe a haka, sai kwatsam ya ɗage ƙafa daga birkin. Ranar da aka janye giyar gaba ɗaya, ba abin da ke riƙe ƙwaƙwalwar.

Ciwon yana da tsarin da yake bi, kuma labarinki ya bi shi daki-daki. Cikin awa 6 zuwa 24 da kurɓar ƙarshe, karkarwa ke farawa, da zufa, da tashin zuciya, da fargaba marar dalili, zuciya tana bugawa da sauri. Cikin kwana biyun farko ne ake tsoron jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ga wanda bai taɓa yi ba. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma sai mafi muni ya zo: ruɗewa, sambatu, gane-gane, zazzaɓi, mutum bai san inda yake ba, bai san nasa ba. Ƙwari da ɓeraye da macizai su aka fi gani, a Kaduna ko a Mosko, ga mai addini da marar addini. Ba kowane mai daina sha ke kaiwa nan ba, kaɗan ne ma. Amma wanda ya kai, in ba a kula da shi ba, yana iya mutuwa, ko ta ƙarewar ruwan jiki, ko zuciya ta rikice, ko ya shaƙe da amai.

Ban hana kowa addu'a ba. A yi ta, a cikin mota a yi, a bakin gadon asibiti a yi. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a rufe mutum a ɗaki, a turnuƙe shi da hayaƙi, ƙarti huɗu su danne shi, ana ɗura masa jiƙo yana fizge-fizge. Wanda hankalinsa ya gushe ba ya haɗiya daidai, abin da aka ɗura huhu yake tafiya. Gidan mari kuwa, ba sai na tuna wa mutanen Kaduna abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa a Satumban 2019 ba, lokacin da suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Sarƙa ba ta tsayar da jijjiga, bulala ba ta maida ruwan jiki. A ɗaure mutum yana cikin wannan hali, ana iya wayar gari a tarar da gawa.

A asibiti ba wani abin mamaki ake yi ba. Za a ba shi maganin kwantar da ƙwaƙwalwa irin su diazepam, a ma'aunin da likita zai riƙa dubawa yana ragewa a hankali cikin 'yan kwanaki. Za a yi masa ƙarin ruwa, a auna sugansa da gishirin jininsa. Za a yi masa allurar bitamin B1, domin masu shan giya sun daɗe ba sa cin abinci sosai, kuma rashin wannan bitamin yana lalata ƙwaƙwalwa har mutum ya rasa iya tuna abu, lalacewar da sau da yawa ba ta gyaruwa. Sannan dole a bincika ko akwai wani abu a ƙarƙashi. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa yana kama da wannan. Sanƙarau ma haka, ga shi muna cikin rani, lokacinsa. Haka zubar jini a cikin kai, ga wanda ya taɓa faɗuwa cikin maye. Ba mai iya bambance waɗannan daga tsakar gida.

Ki je asibiti mafi kusa mai sashen gaggawa tukuna. Bayan ya farfaɗo sai a yi maganar asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, inda ake kula da masu son rabuwa da shaye-shaye. Na kusa da Sakkwato akwai na Kware, Kano akwai Dawanau, Maiduguri ma akwai nasu.

Abu guda kuma, 'yar'uwa. Na san nauyin faɗin cewa mijinki mashayi ne a gaban surukai. Ki ja likitan gefe ki gaya masa gaskiya: me yake sha, nawa a rana, yaushe ya yi kurɓar ƙarshe. Sau da yawa dangi suna ɓoye wannan, mu yi ta neman ciwo a inda ba ya nan, lokaci yana tafiya. In jijjiga ta kama shi kafin ku isa, a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge, kada a cusa masa cokali ko yatsa a baki, kada a zuba masa manja ko ruwa.

Ga sauran masu karatu: in kullum kake sha, in sai ka kurɓa da safe hannunka ke daina rawa, in ka taɓa jijjiga ko gane-gane da ka gwada dainawa, to kai ba a gida kai kaɗai za ka daina ba. Ka ga likita kafin ka sa rana. Kafin ka gan shi, ragewa kaɗan-kaɗan ya fi yankewa lokaci guda aminci. Na san wannan magana za ta yi wa wasu nauyi a kunne, amma so nake ka daina kana raye. Masu niyyar yankewa ranar ɗaya ga azumi, ku ma da ku nake, tun Sha'aban ya kamata ku zo.

Likita, tun da na daina ba na samun barci. Wani abokina ya ce in riƙa shan tramadol ko kwalbar kodin guda da dare, wani kuma ya ce jiƙon maganin basir ya fi. Daga Sabon Gari, Kano.

Haba malam! Wane irin abokai ne waɗannan? Tramadol da kansa yana jawo jijjiga, kai kuma kana cikin kwanakin da ƙwaƙwalwarka ta fi saurin yin ta. Kodin kuwa, ba a banza gwamnatin Najeriya ta hana yin maganin tari mai ɗauke da shi a 2018 ba. Jiƙon da ake sayarwa a tasha da 'yan kwalabe masu ɗaci da ake cewa na basir ko na ƙarfin maza, da yawansu cikin barasa mai ƙarfi aka jiƙa saiwoyin, ka duba jikin kwalbar in akwai rubutu. Wanda ba rubutu kuma ba ka san me ke ciki ba. A 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan shan ogogoro mai gubar methanol, gubar da ke makantarwa.

Barci yakan rikice a makon farko da na biyu, ga wasu ya fi haka, sannan ya daidaita, har ya fi na lokacin sha daɗi. Ka bar shayi mai kauri da kofi da goro daga la'asar, ka ajiye waya. Kada ka je kemis ka sayi diazepam da kanka don na ambace shi a sama. In rashin barcin ya zo da karkarwa ko zufa ko gane-gane, asibiti yau.

An ce akwai garin magani da zan zuba wa ɗana a abinci bai sani ba, ya tsani giya har abada. Ina zan samu?

Kada ki nema, Hajiya. Akwai maganin asibiti mai suna disulfiram da ke sa mutum ya galabaita in ya sha giya a kansa, amma da saninsa da yardarsa ake ba shi, bayan an duba hantarsa da zuciyarsa. A ba shi a ɓoye ya je ya sha, jininsa na iya faɗuwa ya suma, ko ya rasa ransa. Garin mai magani kuwa, ba ki san me aka daka ba. Ku zo tare, ko ki fara zuwa ke kaɗai mu tsara yadda za a shawo kansa.

In na cika wata guda, hantata ta koma sabuwa ke nan?

Ya danganta da inda ɓarnar ta kai. Kitsen da giya ke tarawa a hanta yana iya narkewa cikin makonni in an daina. In hantar ta riga ta ƙanƙance ta yi tabo, wata guda ba ya gyara ta, kuma mai wannan ba hutu zai yi ba, rabuwa ce ta har abada. A ƙasarmu akwai ƙarin matsala. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, akasarinsu ba su sani ba, kuma ita da giya in sun haɗu sun fi saurin kai mutum ga sankarar hanta. Ka yi gwajin, ba shi da tsada. Idonka ya yi rawaya, ko cikinka ya kumbura, ko ka yi aman jini, ko bayan gida ya fito baƙi ƙirin, kada ka tsaya sassaƙen shawara, ka nufi asibiti.

Na kai kwana goma sha biyu, sai na sha a wajen biki. Na ɓata komai?

A'a. Jikinka ya amfana da kwanakin nan, ka ci gaba daga yau. Bikin gaba ka riƙe lemo ko zoɓo a hannu tun kafin a miƙo maka wani abu.

Ran ɗaya ga Fabrairu zan iya komawa yadda nake sha a da?

Ni dai ba zan ce maka ka koma ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a Janairun 2023 cewa babu wani ma'aunin barasa da za a kira marar illa, kuma tun 1988 aka sa ta a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara. In kuma ka ƙi ji, ka sani jikinka ya rage jure mata, kwalba biyun da ba sa yi maka komai a Disamba yanzu za su iya kayar da kai, don haka kada ka hau babur ko ka riƙe sitiyari. In ka ga cikin watan nan kullum ƙirga kwanaki kake yi, kana ɗokin ranar komawa, wannan kansa alama ce da ya kamata ka zo mu zauna a kanta.