Ashe riƙona aka yi a Makka: ta ina zan nemi asalina?

Tambaya: Shekarata 26, a unguwar Shara Mansur da ke Makka na tashi. Bayan rasuwar Hajiyar da nake kira Umma ne wata tsohuwa ta tsegunta min cewa ba ita ta haife ni ba, mahaifiyata ce ta bar mata ni ina jaririya ta koma Najeriya. Ina zan samu takardar haihuwata ta asali, kuma yaya zan kai ga mahaifiyata?

Amsa: Allah ya jiƙan Hajiya, ya saka mata da Aljanna. Ƴar'uwa, fara ɗauko shahadar haihuwarki, wato takardar haihuwar da ke hannunki yanzu, ki duba gurbin sunan uwa, domin abin da ke wurin ne zai nuna ƙofar da za ki ƙwanƙwasa.

Dokar Saudiyya ba ta yarda a jingina ɗa ga wanda bai haife shi ba, bisa aya ta 5 ta Suratul Ahzab. Kafala ta sani, wato riƙo ba tare da sauya nasaba ba. Da ta hannun hukuma aka ba da ke, da fayil ɗinki na wurin Ma'aikatar Albarkatun Ɗan'adam da Ci Gaban Al'umma. Amma naki ya fi kama da riƙon amana irin namu, na baka da baka.

In a asibiti aka haife ki, an rubuta sanarwar haihuwa da sunan wadda ta haihu, kuma da ita Ahwal Madaniyya, wato ofishin rajistar jama'a na Saudiyya, ke fitar da shahada. Ki tafi da ranar haihuwa ta Hijira da ta Miladiyya, sannan ki lura da rubutun suna: Hauwa kan zama Hawwa, Binta ta koma Fatima, a yi ta nema a ce babu. In kuwa ungozoma ce ta karɓe ki a gida, shaidu ne madogararki, sai ki hanzarta tun tsofaffin na raye.

Inda ake rikicewa shi ne a tarar da sunan Hajiya a gurbin uwa. Kada ki kai kanki ofis kina bayani. Ki ga lauya tukuna, don hukuma na iya ɗaukar hakan jabun takarda, abin ya shafi iƙamarki, wato izinin zamanki a ƙasar, da rabon gado. Kotun Ahwal Shakhsiyya, wato kotun iyali, ce ke gyara nasaba, kuma dokar iyali ta 2022 ta ba alƙali ikon sa a yi gwajin DNA idan asali ya rikice. Ki kuma tambaya ko Hajiya ta shayar da ke sau biyar kafin ki cika shekara biyu, don a nan muharramakarki da ƴaƴanta maza ta rataya.

Batun mahaifiya kuwa, ki samo cikakken sunanta, garinsu, unguwa da sunan mahaifinta. Mai unguwa a gida ya fi Facebook saurin gano mutum. Kada ki buga mata waya kai tsaye: wataƙila tana gidan wani mijin da bai san da ke ba. Ki tura dattijuwa mai riƙon sirri ta same ta ita kaɗai, ta bar mata lambarki.