Yaranka hadda suka yi, ba karatu ba

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga saƙonka tun shekaranjiya, abin da ya hana ni amsawa raina ne ya ɓaci, ba da kai ba, tambayar ce ta fama min wani tsohon miki. Ka ce yaranka 'yan aji biyu in ka buɗe littafi suna rera shafin tun daga sama har ƙasa ba tuntuɓe, amma in ka ɗora yatsa kan kalma ɗaya ka ce wane karanta min nan, sai ya tsaya yana kallon bakinka, wai ko ka sayo irin littattafan nan na Turanci masu waƙoƙi da ake talla.

Kar ka sayo komai. Yaran nan hadda suka yi, kuma kai ka ba su haddar, da wannan "ku maimaita bayana" da kuke yi tun safe har tashi, yaro tamanin na ihu lokaci guda, biyar na gaba ke kallon allo, sauran bakin na kusa da su suke bi. Ba zan tsaya ina faɗa maka yadda ake koya wasulla biyar da haɗa baƙi da wasali ba, in ka fito da takardar NCE ta malanta ba ka san wannan ba to mayar musu da takardarsu. Kodayake ku yaran yanzu da kuke rubuta "xan xo" da "qasa" a waya ban san me za ku ce wa yaro ba ranar da ya tambaye ku bambancin kafa da ƙafa.

Ni na fara koyarwa shekarar da aka fara UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, 1976, da takardar malanta ta Grade II, kuma tun daga lokacin na fara yanka kwali. Kwalin sukari, kwalin sabulu, duk wanda na samu, in yanka daidai tafin hannu in rubuta baƙi da jar tawada wasali da baƙa, sai katin gaɓoɓi, ka ki ku ke ko, sai na kalmomi, har da murafun kwalba masu harafi a ciki don yaro ya jera sunansa a ƙasa. Katin da yara suka fi cin tuntuɓe a kai nakan yi masa ɗigo a baya, b da d, ɗ da ɓ, ts, ƙw, da masu ruɓi irin hannu da kunne, shekara talatin da 'yan kai ina tarawa a wata adaka ta ƙarfe, na san kowane kati da hannu ko a duhu.

To bayan na yi ritaya sai wani mai makarantar kuɗi ya zo har zaurena, sau uku yana zuwa da mota, Baba ka taimaka, Baba iyaye sun fara cire 'ya'yansu don yaro na aji uku bai iya karanta sunansa ba. Muka yi magana a kan ɗan abin da zai riƙa ba ni duk wata, sannan in yara sun karanta a ƙarshen shekara zai ba ni wani dunƙulallen kuɗi, da shi na ci burin canza kwanon ɗakin uwargida da ke yoyo. Na ce a rubuta. Ya kama hannuna da hannu biyu ya ce haba Baba, tsakanin ɗa da uba har sai an kawo takarda? Na ji kunya na bar maganar.

Ranar farko na ce a kawo min wadda ke ɗaukar na ɗaya. Aka turo wata 'yar yarinya mai wayo, wankan tarwaɗa, hijabinta har ƙasa. Na miƙa mata littafinsu a juye, kai a ƙasa. Wallahi haka ta riƙe shi ta rero min shafin tsaf, har tana bin layi da yatsa, malamarsu na gefe tana murmushi don a ganinta an burge ni. Na ɗauki alli na rubuta "ci" a allo, yarinyar ta ce "si ai". Ka ji abin da waƙar ei bi si di ke yi wa ɗan Bahaushe, an cusa masa sunan harafi da Turanci, alhali sautin yake buƙata, kuma a Hausa c sautin ci da cokali ne.

Nan take na hana waƙar. Mutumin ya tada jijiyar wuya wai iyaye Turanci suka biya, na ce ka ba ni zango biyu da Hausa zalla, Hausa yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta, yaron da ya gane cewa n da a na ne, m da a ma ne, ya haɗa ya ji nama ya fito daga bakinsa, kuma abu ne da ya sani ya ci jiya, to ya riga ya gane sirrin rubutu, Turancin daga baya zai zo ya tarar da hanya a share. Ba ni na ƙago ba, manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ma cewa ta yi a fara da harshen uwa, kuma ka dubi makarantar allo da muka fito, babbaƙu ake farawa kafin farfaru, kowa da allonsa, malam na biya wa yaro ɗaya bayan ɗaya. Haka na yi. In raba su gida-gida a kan tabarma, in zube kati, kullum sai kowane yaro ya zo gabana ya karanta min kati uku shi kaɗai, kuma ba na taɓa jera katin yadda na jera jiya. Gwiwoyina har yau ciwo suke saboda tsugunon shekarar nan.

Kafin ƙarshen zango na biyu wannan yarinyar ta shigo da gudu da safe, Malam Malam, na karanta abin da aka rubuta a bayan tirela, an ce "Komai nisan jifa". Ba wanda ya biya mata, ita ta haɗa da kanta a bakin titi. Yaran ajin nan 'yan kaɗan ne ba su karanta ba, su ma sun kusa.

Ranar bikin raba kyaututtuka aka kafa rumfa, aka kira iyaye, yara suka fito ana miƙa musu jarida suna karantawa, mata na guɗa. Mutumin nan ya karɓi lasifika ya ce wai sabon tsari ne makarantar ta sayo daga Ingila, don haka kuɗin makaranta zai ƙaru. Ina can baya kan farar kujerar roba, ko sunana bai ambata ba. Na haɗiye. Na ce kuɗina fa, ya ce bayan hutu. Bayan hutu na je, maigadi da muke gaisawa kullum ya tare ni a ƙofa yana sunkuyar da kai, wai an ce ba a buƙatata. Na ce to a fito min da adakata. Aka aiko cewa duk abin da ke sito kayan makaranta ne. Na kai ƙara wurin mai unguwa, ya ce ina takarda, ina shaida? Babu. Kuɗin na bar wa Allah, kwanon kuma sai da ɗana ya fara aiki ya canza.

Adakar sai bayan shekara ta dawo, a kan babur aka aiko ta, ba kwaɗo, gara ta cinye na ƙasa, ruwa ya jiƙa na sama jar tawadar ta zube. Rabi kuma babu su, sai daga baya wata uwa ke faɗa min wai sun manna su a bango da gam, a jere, ba bi bu be bo, malama na nunawa da sanda yara na rerawa. Katin da na yanka don in kashe hadda, da shi suka koma ba da hadda. Wannan ne har yau in na tuna barci ke gagarata.

Don haka gobe ka rufe littafin nan, ka sa shi a durowa sati shida. Kira su ɗaya-ɗaya, rubuta kalmar da ba ta cikin littafi, ko ma wadda ba ta da ma'ana irin "numa" ko "kiso", wanda ya haɗa ya karanta ka ware shi gefe, wanda ya tsaya kallon bakinka ka koma da shi kan sauti, ko da kuwa shi ne ɗan hedimasta. Kar ka doki kowa, yaron da ke tsoron bulala canka yake yi. Ranar Asabar bayan la'asar ka zo gida da kwalaye da almakashi da alƙalamin maka ja da baƙi, kuma ka taho min da adadin waɗanda suka karanta. Ragowar katin nawa zan nuna maka ka kwafa a nan zaure, amma ba zai fita ƙofar gidan nan ba.