Amsa: Yadda Indiyawa ’yan ƙodago suka isa Tirinidad

Malam, ka tambayi yadda aka yi Indiyawa suka cika Tirinidad, tsibirin da ke yankin Karibiyan wanda Ingila ke mulka a lokacin. Bayan Ingila ta ’yanta bayi gaba ɗaya a 1838, masu gonakin rake sun rasa ma’aikata, sai suka juya Indiya. Jirgin farko, Fatel Razack, ya iso tashar Port of Spain ranar 30 ga Mayu, 1845, da mutum ɗari biyu da ’yan kai. Kafin a soke wannan tsarin ɗauko ’yan ƙodago a 1917, an kawo sama da 140,000.

Dillalai ne ke bi ƙauyukan Bihar da kewaye suna yi wa talakawa romon baka. A tara su a Kalkata, likita ya duba su, su dangwala yatsa a takardar yarjejeniyar aiki da yawancinsu ba sa iya karantawa. Tafiyar ruwa kusan wata uku ce. Daga 1866 ana fara sauke su a tsibirin Nelson, a yi musu wanka, a ware marasa lafiya, sannan a rarraba su gonaki.

Yarjejeniyar shekara 5 ce, amma kuɗin jirgin komawa gida sai bayan shekara 10. Ainihin zaluncin yana nan: saɓa yarjejeniya laifi ne na ɗauri. Wanda ya yi fashin aiki, ko aka kama shi a titin gari ba takardar izini, kurkuku zai kwana. Mata kuma sun yi ƙaranci ƙwarai, doka ta nemi 40 kacal ga kowane maza 100, wanda ya haddasa kishi da kashe-kashen mata a barikin gonaki.

Mafi yawansu ba su koma ba. Daga 1869 wasu sun karɓi fili maimakon kuɗin jirgi.