Tambaya da Amsa: Shin Duk Ɗaliban Amurka Ne Ke Kammala Sakandare?

Tambaya: Ni malamar sakandare ce a Zariya. Gardama ta kaure a ɗakin malamai, inda wasu abokan aikina suka dage cewa a Amurka babu yaron da ke barin makaranta. Ina neman ƙarin haske, musamman kan ko akwai bambanci tsakanin baƙaƙen fata da Turawa.

Amsa: Malama, abokan aikinki sun yi kuskure, ko da yake ƙasar ta samu ci gaba. Alƙaluman cibiyar ƙididdigar ilimi ta gwamnatin Amurka sun nuna cewa a shekarar karatu ta 2019 zuwa 2020, kashi 87 cikin 100 na ɗaliban makarantun gwamnati ne suka karɓi shaidar kammalawa cikin shekara huɗu da shigarsu aji na tara, wato ajin farko na babbar sakandare a can, alhali a 2010 zuwa 2011 adadin bai wuce kashi 79 ba. Kada a ɗauka sauran kashi 13 duk sun watsar da karatu, domin a cikinsu akwai waɗanda suka maimaita aji suka gama daga baya.

Bambancin da kika tambaya yana nan kuwa. A waccan shekarar ta 2019 zuwa 2020, 'yan asalin Asiya da tsibiran Fasifik sun kai kashi 93, fararen fata kashi 90, 'yan asalin Latin Amurka kashi 83, baƙaƙen fata kashi 81, su kuwa 'ya'yan ƙabilun da Turawa suka taras a ƙasar suka tsaya a kashi 75. Naƙasassu da yaran da ke kan koyon Ingilishi ba su wuce kashi 71 ba.

A ganina, wanda ya tsaya kan launin fata kaɗai bai kai ga tushen matsalar ba. Wani kaso mai tsoka na kuɗin tafiyar da makarantun ƙasar daga harajin gidaje na yankin da makarantar take yake fitowa, don haka unguwar masu hali kan samu ƙwararrun malamai da kayan aiki, ta talakawa kuwa sai abin da ya samu. Kotun Ƙolin Amurka ta haramta raba makarantu bisa launin fata tun 1954, amma hukuncin bai sauya unguwannin da wariya ta riga ta tattara baƙaƙen fata a cikinsu ba, kuma yaron da ya fara yawan fashin zuwa aji saboda aikin neman kuɗi ko yawan sauya gidan haya, shi ne ya fi shiga haɗarin sulalewa tun daga aji na tara.

Abin da ya sa muka iya kawo miki waɗannan alƙaluma dalla-dalla shi ne dokar ilimi da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2002, da wadda ta maye gurbinta a 2015 zamanin Barack Obama, waɗanda suka wajabta wa jihohi fitar da sakamako rukuni-rukuni, ta yadda makaranta ba za ta ɓoye gazawar 'ya'yan talakawa a bayan nasarar 'ya'yan masu kuɗi ba.