Shin kalmar "skeptical" tana nufin ɗana ya bar addini?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana yana karatu a Jami'ar Legas da ke Akoka. Ƙanwarsa ta nuna mini abin da ya rubuta a zauren WhatsApp na matasan unguwarmu a Agege, game da wani mai ba da ruwan addu'a da ake cewa yana warkar da ciwon suga. Ya ce, "I am skeptical about this." Wani maƙwabci ya ce mini ma'anarsa yaron ba ya imani da Allah. Kwana uku ke nan ban runtsa ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, domin abin da ɗanki ya faɗa shi ne, "Ban gamsu da wannan ba, sai na ga hujja." Shakkarsa a kan mai ruwan addu'a take, ba ta kai ga Mahaliccinsa ba. Asalin kalmar daga Girkanci ne, inda take nufin mai bincike da lura, kuma likita, alƙali da ɗan jarida suna furta ta kullum a wurin aiki.

Kalmomin da suka shafi rashin imani daban suke. "Atheist" shi ne wanda bai yarda akwai Allah ba, wato mulhidi. "Agnostic" shi ne mai cewa bai san ko akwai Allah ba, ko ba za a iya sani ba, kuma masanin kimiyya ɗan Ingila Thomas Huxley ne ya ƙirƙiro ta a 1869. "Apostate" shi ne wanda ya yi ridda. Amma "non-practising" ko "lapsed" ana faɗarsu ne ga wanda ya yi sakaci da ibada alhali bai fita daga addininsa ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda wasu masu ɗan guntun Turanci ke tattara duk waɗannan kalmomi, su haɗa da "doubt" da "secular", su zuba a buhu ɗaya su rubuta masa kafirci. Na shafe shekaru ina aikin fassara a garin nan, kuma da wuya mako ya wuce ban ci karo da wannan ɓarna ba. Mutum ya tsinci kalma a waya, bai karanta jimlar da take ciki ba, bai tambayi mai maganar ba, sai ya ɗauki murya ya watsa a zaure goma kafin la'asar. Bara aka kira ni wani gida a Idi-Araba inda baiko ya kusa rushewa, saboda an ga "secular education" a takardar neman aikin saurayin, wani kuma ya rantse cewa ma'anarsa ilimin marasa addini. Na karɓi takardar, na ga makarantar firamare ce da sakandare ya jera a ƙarƙashin kalmar, Islamiyyarsa kuma tana layi na gaba. Karatun boko yake nufi kawai. Kawun yarinyar ya cire hularsa yana share gumi, ya kasa ɗaga ido ya dubi yaron.

Haka "doubt" take. A kotu ana cewa a tabbatar da laifi "beyond reasonable doubt", wato har duk wata shakka mai ma'ana ta kau, kuma wanda ya ce "no doubt" yana nufin tabbas ne. Ta yaya kalmar da ɗan kasuwar Mile 12 zai faɗa a kan farashin tumatir za ta zama shaidar ridda? Jifan Musulmi da kafirci ba wasa ba ne, domin hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar za ta koma kan ɗayansu. A ƙasarmu kuma mun ga yadda irin wannan zargi ke raba aure, ya kori ɗalibi daga unguwa, har ya jawo asarar rai.

Saboda haka, Hajiya, kada ki bari maƙwabcin nan ya ci gaba da yawo da maganar. A sa babba a gida ya taka masa burki tun yau. Idan ɗanki ya zo hutu, ki zaunar da shi ki tambaye shi da Hausa abin da ya sa bai gamsu da mai ruwan ba. Idan kuma akwai mai ciwon suga a gidanku da ya ajiye maganin asibiti saboda wannan ruwa, a mayar da shi wurin likita a auna jininsa.